Sarkin Maƙera a wayar Alhaji: darussan da na fito da su daga biro

Ranar Alhamis da ta wuce na miƙa makullin biro, wato shagon kwamfutar da nake aiki, bayan shekara uku da wata huɗu. Waɗanda suka san wurin sun san shi, ba sai na kama suna ba. Ba kuma zan tsaya kan buga katin biki da gyaran kwamfutocin ƴan kasuwa ba, duk wanda ya taɓa zama a irin wannan shago a Maradi ya san yadda ranakunsa suke tafiya. Zancen wasan nan na waya nake so in yi, wanda na kwashe kusan shekara biyu ina ginawa, da abin da ya faru ranar da aka nuna shi ga baƙi.

Muna yara a Bagalam akwai wani shago mai tele biyu da injinan wasa ƴan Sin, irin waɗanda aka kwaikwayo daga Famicom ta Nintendo, masu kasat rawaya da ake shigowa da su daga Kano ta Jibiya. Dala biyar ake biya a zauna. A nan na fara ganin Mega Man, ɗan mutum-mutumi mai shuɗin kaya da kamfanin Capcom na Japan ya fitar a 1987. Abin da ya kama ni ba harbin ba ne, tsarin ne. Bos, wato manyan abokan gaba, shida ne a na farko, kai za ka zaɓi wanda za ka fara tunkara, in ka kayar da shi ka gaji makaminsa, kuma kowane makami akwai wanda yake jin tsoronsa. Dutsen Guts Man yana karya Cut Man, almakashin Cut Man yana yanke Elec Man, lantarkin Elec Man yana gamawa da Ice Man, ƙanƙara ta kashe wutar Fire Man, wuta ta tashi Bomb Man, bam kuma ya dawo kan Guts Man. Sai da na girma na gane cewa a labarin wasan duk ma'aikata ne: an ƙera ɗaya don saran itace, wani don aikin gini, sannan Dakta Wily ya juya musu tunani suka koma ɓarna.

Nan tunanina ya tsaya. Mu ma ai muna da sarakunan sana'a. Sai na zana mutum-mutumi biyar: Sarkin Maƙera, Sarkin Fawa, Sarkin Baka, Sarkin Noma da Sarkin Ruwa, waɗanda aka ƙera don su taimaki gari, wani mugu ya sace su. Ruwa yana kashe wutar maƙera, guduma tana dakushe wuƙar fawa, wuƙa tana tsinke tsirkiyar baka, kibiya tana samun Sarkin Noma daga nesa tunda ba ya bari a matso shi, shi kuma hauyarsa tana tada kunya ta tare ruwa. Har yau ina alfahari da wannan zagaye, don duk yaron da na ba wasan bai taɓa tambayata wane makami zai ɗauka ba. Ya riga ya sani tun daga gida. Ƙarar gudumar ma ba daga intanet na ɗauko ta ba, maƙera na je na zauna da waya ina naɗa, tsohon da ke wurin yana ta mamakin abin da zan yi da ita.

Da Godot, wani injin gina wasanni, na gina shi, don kyauta ne kuma tsohuwar kwamfutata tana iya ɗaukarsa. Bayan an tashi aiki nake yi. Alhaji, mai biron, ya gan ni sau biyu ko uku, abin da ya ce kawai shi ne, “Kai dai ba ka gajiya da wasan yara, ka kashe mini fanka in za ka fita.” Lokacin da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta a watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, aka kuma rufe iyaka, aikin biro ya tsaya cik, kasuwa ta mutu. A watannin nan na yi mafi yawan aikin, ina kai kwamfuta caji wajen mai sola da kuɗin aljihuna, in dawo in yi awa biyu kafin batir ya ƙare.

A lokacin ne wata ɗaliba ta zo koyon aiki wurinmu. Hannunta ya fi nawa a zane nesa ba kusa ba. Ita ta sake zana sarakunan nan biyar ɗigo-ɗigo, da launi kaɗan kamar na injinan da, har ta sa wa Sarkin Maƙera zugazugi a baya maimakon huhu. Wata safiya ta shigo ta ce, “Yaya, na sa wasan a wayar gidanmu. Sarkin Maƙera kamar mai jin barci yake, gudumarsa tana tafiya a hankali. Karo ɗaya na kashe shi.” Ban ɗago kai daga abin da nake yi ba. Na ce, “Wayarku ce ba ta da ƙarfi. Ke dai ki ci gaba da zane, wannan ɓangaren ki bar mini.” Ta ce to, ba ta ƙara tayar da maganar ba.

Bayan kamar wata biyu aka ce wasu baƙi za su zo daga Yamai, daga wata ƙungiya mai tallafa wa matasa a harkar fasaha, suna zagaya garuruwa suna neman abin da za su sa wa kuɗi. Dare ɗaya wasan yara ya koma “wasanmu”. Alhaji ya sa aka buga babban ƙyalle da sunan biro da hoton Sarkin Maƙera, babu sunana, babu na yarinyar da ta zana shi. Na gani na yi shiru, na ce a raina in kuɗi suka zo ai kowa zai samu.

Ranar, an share biro, an aro kujeru, an kawo lemo. Da aka zo nunawa na ciro wayata, sai Alhaji ya riƙe mini hannu. “Wannan mai fasasshen gilashin za ka nuna wa baƙi? Sa shi a tawa.” Na ce, “Alhaji, a yi haƙuri a bar ni da tawa, a kanta na gwada.” Ya ce, “Tawa ta ninka taka kuɗi sau biyar, me zai gagare ta?” Na tura wasan cikin sabuwar wayarsa, aka haɗa da babbar tele.

Zangon farko ya tafi lafiya, tsalle daga dakali zuwa dakali, baƙi suna murmushi, ɗaya har ya ce kiɗan ya tuna masa da yarinta. Sai ƙofar maƙera ta buɗe. Sarkin Maƙera, wanda na kayar ya fi sau ɗari biyar, wanda na san kowane motsinsa kamar yunwar cikina, ya taso kamar an zuba masa fetur. Guduma uku da yake jefowa a jere, masu tazarar da mutum zai tsallake, suka zo kusan a tare. Kafin ɗan wasana ya sauka daga tsallen farko, ta biyu ta same shi. Rai uku suka tafi cikin ƙasa da minti guda. Na sake farawa, hannuna yana rawa, haka aka sake yi. Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar gudumar tsohon nan tana ta maimaita kanta da sauri.

Wata daga cikin baƙin ta tambaya cikin ladabi ko an gwada wasan a wayoyi daban-daban. Ban buɗe baki ba Alhaji ya riga ni: “Wallahi Hajiya, yaron nan na bar wa wannan ɓangaren. Na yi ta faɗa masa ya duba, amma kin san yaran yanzu.” Mutumin da bai taɓa danna wasan ba ko sau ɗaya kafin ranar. Yarinyar tana tsaye bakin ƙofa da faranti a hannu, na kasa kallon wajenta.

A daren na gano matsalar, kuma ganowar ta fi abin da ya faru da rana ciwo. Godot yana ba ka wuri biyu da za ka rubuta motsi. Ɗaya ana kiransa sau 60 a daƙiƙa, ko wace irin waya ce. Ɗayan kuwa ana kiransa duk lokacin da allo ya zana sabon hoto, don haka ne injin yake miƙo maka wata ƙima, delta, wato lokacin da ya wuce tsakanin hoto da hoto, domin ka ninka motsinka da ita. Ɗan wasan na rubuta shi a wuri na farko, don haka darasin da na bi ya nuna. Sarakunan da makamansu kuwa, da na rubuta daga baya da kaina, na zuba su a wuri na biyu ina ƙirga hotuna, ban taɓa delta ba. Wayata tana zana hoto 60 a daƙiƙa, sai komai ya zo daidai ban ga aibu ba. Ta Alhaji tana zana 120, bos ya ninka gudu, ɗan wasa yana nan yadda yake. Wayar gidan su yarinyar kuwa ba ta kai 60 ba, shi ya sa ta ga Sarkin Maƙera yana gyangyaɗi. Ciwo ɗaya ne. Ta kawo mini shi a hannu wata biyu kafin ranar, na kore ta.

Abin da ya ƙara ƙona mini rai, na san wannan labarin tun da daɗewa. Na karanta cewa wasannin NES (sunan Famicom a Turai da Amurka) da yawa da aka kai Turai sun fi na Japan da Amurka nauyin tafiya da kusan kashi ɗaya cikin shida, har kiɗansu, saboda telen Turai 50 take bugawa ba 60 ba, su kuma an ɗaure gudunsu da bugun tele. Masu gina wasa a wancan zamanin suna da uzuri, inji ɗaya suke rubuta wa. Ni na kwaikwayi kamannin wasansu, na haɗa har da wannan ɗabi'a, alhali a fadarmu kaɗai in mutum goma suka zauna shan shayi, waya iri goma ce a kan tabarma. Gyaran bai ɗauke ni awa ɗaya ba.

Kuskuren nawa ne, ban taɓa musun haka ba, kuma da Alhaji ya kira ni gefe bayan baƙi sun tafi ya wanke ni tas, da na sunkuyar da kai na karɓa. Amma wanda ya sa sunansa a ƙyalle ranar da ake sa ran yabo, ya kamata ya tsaya a ƙarƙashin ƙyallen ranar da abu ya ɓaci. Ƙarshen wata ya zaftare mini jaka goma sha biyar, wai kuɗin ƙyalle da lemo. Da na nuna masa gyararren wasan a wayarsa yana tafiya sumul, ko karɓa bai yi ba, ya ce an riga an zubar masa da mutunci. Bayan wata uku kuma na ji yana gaya wa wani abokin ciniki cewa biro ɗinsa ne ya fara yin wasan waya da Hausa a unguwar. Ga ƙannena da ke shiga irin wannan aiki: duk abin da kuke ginawa bayan an tashi, da kwamfutarku da kuɗin cajinku, ku sa a rubuta na wane ne tun ana kiransa wasan yara. In kuka bari sai baƙi sun zo, kun makara, kuma kunya ba za ta bar ku ku yi magana a gaban babba ba, kamar yadda ta hana ni.

Washegarin ranar na sami yarinyar na ba ta haƙuri. Na ce mata abin da ta gani gaskiya ne, ni ne ban saurara ba. Ta ce, “Ba komai Yaya, ai na ɗauka ni ce ban gane ba.” Wannan maganar ta fi zaftare albashin zama a raina, don na san inda ta koyi zargin kanta, a bakina ta koya.

Sauran abubuwan da na koya ba su da tsawo. Bos ya nuna alama kafin ya kai hari, ko da ɗaga kafaɗa ne, in ba haka ba mai wasa zai ji an zalunce shi ne, ba a fi shi iyawa ba. Mai gina wasa ba ya iya auna wuyarsa, hannunsa ya riga ya haddace. A ba yaro ɗan shekara goma wasan a koma gefe a rufe baki. A ajiye kwafin aiki wuri biyu, ɗaya ba a biro ba. Walƙiyar hotunan da ake gani a tsofaffin wasanni gazawar inji ce, NES ba ta iya nuna abu fiye da takwas masu motsi a layi ɗaya. Ko Capcom da ta koma tsohon salo a Mega Man 9 a 2008, zaɓi ta mayar da ita, mai so ya kunna. Na ɓata sati biyu ina kwaikwayonta kafin in cire.

Da na ajiye makullin a teburinsa, Alhaji ya tambaye ni lambar sirrin kwamfutar buga takardu, na rubuta masa, ya ce Allah ya ba da sa'a, na ce amin. Wasan yana wurina, don a kwamfutata aka haife shi. Yanzu akwai waya tara a cikin kwali a ɗakina, na aro wasu, na sayi wasu matattu wajen masu gyara a babbar kasuwa aka tayar mini da su, daga mai rarrafe har mai 120. Yarinyar ta gama karatunta, ta fara zana na shida, Sarkin Aska, da ƙaho a hannun hagu. Sunanta ne na farko a allon buɗewa, nawa na biye. Har yanzu ba mu daidaita kan makamin da zai kayar da shi ba, ita ta ce guduma, ni na ce ruwa, mun bar wa yaran unguwa su gwada duka biyun ranar Asabar.