Ɓargo a Cikin Miyar Umma

Yau Asabar ba lacca, sai Umma ta aike ni Kasuwar Rimi sayen ƙashin miya. Mahaucin ya sara min na ƙafar saniya, ɓargon ya leƙo, rawaya, maiƙonsa har yana naso a leda. Da aka sauke miyar kuka Umma ta tsamo ƙashin ta ajiye wa autanmu mai sikila. "Tsotse, yana ƙara jini," inji ta. Ban yi mata musu ba, amma ina gama wanke-wanke na ɗauko littattafaina.

A ɓargo jini yake haihuwa. Kowace daƙiƙa jajayen ƙwayoyin jini kusan miliyan 2 ne ke fitowa daga can, kuma duk asalinsu wasu 'yan ƙwayoyi ne da su ne iyayen jini. A da, kitsen da ke wurin ciko kawai na ɗauke shi. Ashe daga maiƙon da ke jikin ƙwayoyin halitta ake ƙera wasu sinadarai masu kai saƙo. Ɗaya shi ne furostagilandin E2. A 2007 Leonard Zon da abokan bincikensa a Boston ta Amurka suka gwada shi a kan wani ɗan kifi mai zane kamar jakin dawa, suka ga iyayen jinin sun ƙaru. Asfirin da muke saya a kemis, hanyar ƙera wannan sinadari yake tarewa.

Wanda ya fi tsaya min a rai cikin sinadaran nan masu kai saƙo shi ne wanda ake kira S1P. Yana da yawa a cikin jini, kaɗan a ɓargo, sai iyayen jinin su bi shi su fito daga ɓargo, kamar yaro ya jiyo ƙamshin ƙosai daga bakin layi. Kuma an same shi da yawa fiye da ƙima a jinin masu sikila.

Ƙwayar jinina tana kai kwana 120. Ta autanmu kuwa kwana 10 zuwa 20 ta mutu. Wato ɓargon yaron nan bai san hutu ba, dare da rana cike giɓi yake.

Bayan Isha na leƙa ɗakin Umma. Ya yi barci, idonsa da ɗan rawayar nan, maganinsa na folik a kan taga. Na ja masa mayafi saboda sanyin hunturu ya fara shigowa.