Jami'in Kwastan da Ya Rubuta Kukan Manoman Rasha

A shekarar 1767 gwamnatin Sarauniya Katarina ta Biyu ta Rasha ta fitar da dokar da ta hana bayin gandu kai ƙarar iyayengijinsu, kuma duk wanda ya kuskura ya kai, bulala da aikin wahala a Siberiya ne makomarsa. Tun 1649 doka ta ɗaure waɗannan manoma ga ƙasar da suke nomawa, ba su da ikon tashi su koma wani gari, kuma a kwana a tashi har ta kai ana sayar da su kamar kaya. A ganina dokar 1767 ta fi sauran muni, domin an doki mutum kuma an hana shi kuka. Wannan ne ya sa nake girmama mutanen farko da suka ɗauki alƙalami suka faɗi abin da aka hana manomi faɗa.

Nikolai Novikov yana cikin waɗanda suka share fage. A 1769 ya fara buga wata mujalla wadda ta riƙa caccakar masu gandu da ke cin gumin talakawa, kuma a yunwar 1787 ya raba wa mabukata hatsi. A 1792 aka kulle shi a kurkukun Shlisselburg ba tare da an gurfanar da shi gaban kotu ba, bai fito ba sai bayan rasuwar sarauniyar a 1796.

Amma wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Aleksanda Radishchev. Ɗan masu gandu ne, gwamnati ta tura shi karatu Leipzig a Jamus, ya kuma kai matsayin shugaban kwastan na birnin San Fitasbag, wato mutum ne wanda tsarin ya yi wa komai. Duk da haka, a 1790 ya buga littafi a injin ɗab'i na gidansa, inda ya ba da labarin wani matafiyi da ke kan hanya daga San Fitasbag zuwa Mosko, kowane zango da irin zaluncin da ya tarar.

A wani zango matafiyin ya ga manomi yana huɗa cikin zafin rana ranar Lahadi, ranar ibadarsu da hutunsu. Da ya tambaye shi dalili, manomin ya ce kwana shida na mako a gandun ubangidansa yake yin su, gayaunarsa kuwa sai dare da ranakun hutu, ga 'ya'ya shida suna jiran abinci. Ya ƙara da cewa ubangidansa yana da hannu ɗari masu ciyar da baki ɗaya, shi kuwa hannu biyu gare shi da baki bakwai. A wani zangon an yi gwanjon iyali guda don biyan bashin ubangidansu, cikinsu har da tsohon da ya taɓa ɗauko mahaifin maigidan a kafaɗa daga fagen fama, da matar da ta shayar da shi maigidan yana jariri.

Mu a Zamfara ba sai an yi mana dogon bayani a kan wannan manomi ba, domin akwai ƙauyukan da ake tilasta wa mutane noma gonakin 'yan bindiga kafin su taɓa nasu, ko su biya kuɗi kafin a bar su su yi girbi, kuma da yawansu suna tsoron buɗe baki. Akwai bambanci babba, kuma wajibi ne a faɗe shi: namu ta'asar masu karya doka ce, nasu kuwa doka ce da kanta ta tsaya wa azzalumi, abin da ya sa sukar Radishchev ta wuce kan masu gandu ta kai ga mulkin mutum ɗaya wanda babu mai ce masa don me.

Sarauniya ta karanta littafin shekara ɗaya bayan ɓarkewar juyin juya halin Faransa, ta ce marubucinsa ya fi Pugachev sharri, wato jagoran tawayen manoma na 1773 zuwa 1775. Aka yanke masa hukuncin kisa, daga baya aka mayar da shi korar shekara 10 zuwa Ilimsk a Siberiya. An dawo da shi bayan rasuwarta, har aka sa shi cikin kwamitin gyaran dokoki a 1801, amma shawarwarinsa ba su samu karɓuwa ba, kuma a 1802 ya sha guba ya mutu.

Waɗanda suka biyo bayansa ma sun ɗanɗana kuɗarsu. Bayan tawayen hafsoshi na Disamban 1825 an rataye mutum biyar, har da mawaƙi Rileyev, a 1836 kuma gwamnati ta ayyana masanin falsafa Chaadayev a matsayin mahaukaci saboda wata wasiƙa da aka buga masa. Marubuci ɗan Rasha Aleksanda Herzen ya sake buga littafin Radishchev a Landan a 1858, lokacin da har yanzu haramtacce ne a gida. Sai a 1861 Sarki Aleksanda na Biyu ya 'yanta bayin gandu kimanin miliyan 23, amma aka ɗora musu biyan kuɗin gonakin da aka ba su na tsawon shekara 49, bashin da ba a soke ba sai a 1907.