Yadda muka kafa kyamarar karanta falet a bakin sito a Akra

Siton yana kan hanyar Spintex, kayansa daga tashar jiragen ruwa ta Tema suke zuwa: shinkafa, man girki da tumatirin gwangwani, wasu su wuce Kumasi, wasu Burkina Faso da Nijar. A da, duk falet ɗin da zai fita, wato katakon da ake jera kaya a kansa, sai direban foklif, motar ɗaga kaya, ya tsaya, akawu ya zo da na'urar hannu ya zagaya yana neman sitika. Abin da Alhaji mai siton ya nema shi ne kaya su wuce ƙofa ba tsayawa, kwamfuta ta rubuta abin da ya fita da motar da ya shiga. Mun yi, yana kuma aiki, amma wahalar duk a wajen samun hoto mai kyau take. Manhajar kanta ba ta ci mana lokaci ba.

Sitikar falet ta tsarin GS1, ƙungiyar da ke tsara lambobin kaya a duniya, tana ɗauke da bakod, wato zanen layukan da na'ura ke karantawa, na lambar shaidar lodi da ake kira SSCC mai alƙaluma 18, na ƙarshen na tantancewa ne. Siririn layin bakod ɗin yakan kasance wajen rabin milimita, kuma sai kowane layi ya samu aƙalla fiksel biyu, wato ɗigon hoto biyu, kafin a karanta shi da tabbas. Kyamarar megafiksel 5, mai 2448 a faɗi da 2048 a tsaye, ke nan santimita 61 da 51 kawai za ta iya kallo. Wanda ya ja ta baya don ta ɗauki falet gaba ɗaya zai samu hoto mai kyan gani wanda ba ya karantuwa. Ƙa'idar GS1 ta ce bakod ya zauna tsakanin santimita 40 zuwa 80 daga gindin falet, a gefe biyu masu maƙwabtaka. Kayan da suka bi wannan, kyamara ɗaya kowane gefe ta isa. Waɗanda ake manna musu sitika duk inda hannu ya kai, sai an jera kyamarori uku ko huɗu bisa juna. A tuna kuma foklif yana ɗaga falet wajen santimita 15 idan yana tafiya, dole tsayin kyamara ya haɗa da wannan.

Sai gudu. Foklif mai tafiyar kilomita 5 a awa yana cin kusan mita 1.4 a daƙiƙa. In kyamara ta buɗe ido na kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, kayan sun riga sun matsa milimita 1.4, layi uku sun narke cikin juna. Mun sa ta a ɗaya cikin 4,000, muka shafa jan fenti a ƙasa mita uku kafin ƙofa, daga nan gudu ba ya wuce kilomita 3 a awa. Kyamarar kuma ta zama irin mai ɗaukar hoto duka a lokaci guda. Irin ta tsaro da ake sayarwa a kasuwa layi-layi take ɗauka, bakod ya fito a karkace.

Ƙiftawa mai saurin haka tana cin haske sosai, fitilun rufin sito ba su kai ba. Wutar Gana kuma mai zagaye 50 ce a daƙiƙa, fitilu da yawa suna kaɗawa sau 100, hoto ɗaya ya yi haske, na bayansa ya yi duhu. Mun sa fitilun LED masu walƙawa tare da kyamara. Nan leda ta nuna halinta: ledar da ake naɗe kaya da ita tana mayar da haske kamar madubi, daidai kan sitika. Maganin biyu ne. A karkatar da fitila kamar digiri 30 daga inda kyamara ke kallo, sannan a sa gilashin tace ƙyalli a fitila da kuma bakin kyamara, a juya ɗaya har ƙyallin ya mutu. Gilashin yana rage haske fiye da rabi, a sayi fitila da wannan lissafin. Ƙofar da ke fuskantar yamma kuwa sai da muka yi mata rumfa saboda ranar la'asar.

Wani dattijon direba ɗan unguwar Nima ta Akra ne ya ja hankalinmu ga wani abu. Ya ce, "Yaro, katakon nan fa yawo yake yi, tsohuwar takarda na nan jikinsa." Gaskiyar Baba ce, falet ɗin da ya dawo daga Kumasi yakan zo da sitikar tafiyar da ta wuce. Yanzu manhajar tana karɓar lambar da ke cikin takardar lodin ranar kaɗai. In ta ga wata, jar fitila ta kama, akawu ya duba. Mun kuma sa idon lantarki biyu a jere a bakin ƙofa, wanda aka fara gitta wa shi ke nuna shiga ake ko fita. Ba tare da su ba, direba ya ja baya ya gyara tsayuwa, a rubuta kaya sun fita sau biyu.

Ƙirga kwali wani aiki ne daban, kuma a nan nake son masu sito su rage tsammani. Mun horar da YOLO, tsarin kwamfuta mai gane abubuwa a hoto, da hotunan kayan siton kansa, yana gane kwalin tumatir da jarkar mai sarai, yana kuma nuna kwalin da ya lotse ko lodin da ya karkata. Buhun shinkafa ya fi ba shi wuya domin yana saɓulewa ya hau kan ɗan'uwansa. Sannan kyamara waje take gani, in an zare kwali biyu daga tsakiya aka sake naɗe leda, ba za ta sani ba. Shi ya sa muka binne sikeli a ƙasan ƙofar. Buhu 30 masu kilo 50 kilo 1,500 ne, a ƙara nauyin katakon, kilo 20 zuwa 25. Buhu ɗaya ya ɓace, nan take za a gani. Ga ƙananan kwalaye sikelin ba ya da wannan kaifin, tunda katakon da ya sha ruwan damina kan ƙara nauyi.

Lokacin hunturu, Disamba zuwa Fabrairu, ƙura kan rufe gilashin kyamara a hankali, karatu ya riƙa raguwa ba wanda ya lura. Akwatin kyamara mai matakin IP65, wanda ƙura ba ta shiga, da shafa kowace safiya da ƙyalle mai laushi sun wadatar. Sitikar da ake bugawa da zafi zalla tana dusashewa a cikin kwantena mai zafi, a koma wadda ake bugawa da ribon, wato zirin tawada. Kwamfutar tana cikin siton, da batirin ajiya saboda dumso, wato yawan ɗauke wuta, tana adana komai ko intanet ya yanke. Wayar da ke kai wa kyamara wuta da bayanai kada ta wuce mita 100. Na'urar hannun akawu ma tana rataye a bakin ƙofa, domin sitikar da ta yage ko leda ta naɗe ta, har yanzu da hannu ake karanta ta.