Ranar da na kira 112 a hanyar Ringim

Ni malamin firamare ne a wani ƙauye da ke gaba da Ringim, kuma da wuya wata ya ƙare ban shiga Kano ba. Hanyar nan na san ta kamar yunwar cikina: a tashi daga Yankaba, a wuce Gezawa, a bi ta Zakirai, sannan a shigo Ringim. Shekara da shekaru ina ganin tuƙin ganganci a kanta, abin da nake yi bai wuce in ce "Allah Ya kyauta" in kau da kai ba. Sau ɗaya tak na taɓa ɗaukar waya na kira hukuma saboda tuƙin wani.

Da kaka ne, bayan la'asar. Muna cikin Golf, ni da wani dattijo a gaba, mutum huɗu a baya. Mun bar Gezawa kaɗan sai ga wata Kanta ta wuce mu, an jibga mata buhuna har sun haura bodi, a kan buhunan kuma mutane ne zaune maza da mata, har da mai goyo. Lodin bai dame ni ba, don duk ranar kasuwa haka ake yi. Tafiyarta ce ta tayar min da hankali. Direbanmu yana kan 80, iyakar da doka ta yanka wa ƙananan motoci a irin wannan hanya, amma ta wuce mu kamar muna tsaye. Can gaba kuma muka cim mata tana jan jiki kamar mai ya ƙare. Sai ta sake zabura, ta zame ta koma hannun masu zuwa, ta dawo har taya ta sauka daga kwalta ta tayar da ƙura, sannan a fizgo ta da ƙarfi, mutanen da ke sama su yi luuu gefe guda.

"Wannan ko barci yake yi, ko ya sha wani abu," in ji direbanmu. Ya rage gudu, ya bar tazara mai yawa, ya danna hon ya fi sau biyar. Ko gezau.

A karo na uku da ta yi aron hannu, wani ɗan acaɓa ne ke tahowa da fasinja. Ba don ya saki kwalta ya faɗa gonar dawa ba, da sai dai wani labarin. A nan na zaro waya.

"Ɗana, wa za ka kira?" dattijon ya tambaye ni.

"Hukuma, Baba."

Wani daga baya ya ce, "Haba Malam, kar ka shiga sharo ba shanu. Talaka ne yake neman abin kai wa iyali, in aka kama motar nan sai ya yi wata bai farfaɗo ba." Wani kuma ya ce in na kira, ni za a fara nema a matsayin shaida, in yi ta zarya. Ba zan ɓoye ba, maganganun nan sun riƙe min hannu na kusan minti biyu, don ni ma tunanin da na tashi da shi ke nan: kai ƙarar mutum wurin hukuma abin kunya ne, kuma wanda ya yi shiru ba ya shan wahala. Abin da ya kwance min hannu shi ne mai goyon nan. Ina hangen ta, hannu ɗaya ta riƙe igiyar da aka ɗaure buhu, ɗayan ta tallabe yaron da ke bayanta. Direban yana da iyali, gaskiya ne, amma ita ma wani gida ake jiran ta.

Dattijon ya yi shiru, can ya ce, "Kira. Ai sai an ɗaure raƙumi ake cewa an dogara ga Allah."

Na danna 112. Wannan lamba ta ƙasa ce baki ɗaya, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ce ta samar da cibiyoyin da ke amsa ta a jihohi, kyauta ake kira ko babu ko sisi a waya, kuma daga can suke miƙa maganar ga wanda ta shafa: 'yan sanda, ko Hukumar Kiyaye Haɗura da muke ce wa Rod Sefti, ko 'yan kwana-kwana, ko Sibil Difens, ko motar asibiti. Su 'yan Rod Sefti suna da tasu lambar daban, 122, ita ma kyauta.

Da aka ɗauka, na yi kuskuren da nake jin kowa zai yi. Na fara ba da labari tun daga farko: yadda muka taso, yadda ta wuce mu, yadda aka kusa take ɗan acaɓa. Mai amsawa ya katse ni a hankali ya ce, "Malam, a ina kuke yanzu?" Na ce hanyar Hadejia. Ya ce ta wane waje? Na leƙa taga, ba abin da nake gani sai karan dawa da itatuwan kuka. Mutumin da yake cewa ya san hanya kamar yunwar cikinsa, ya kasa faɗar inda yake. Direbanmu ne ya cece ni, idonsa na kan titi ya ce, "Ce musu yanzu muka fita daga Zakirai, mun nufi Ringim." Wannan "mun nufi" ita ce rabin maganar. Motar da ke tafiya ba a inda ka gan ta ake tare ta ba, a gabanta ake jira, saboda haka inda ta dosa ya fi inda take muhimmanci.

Aka tambaye ni lambar mota. Ƙura ta rufe ta, kuma ban ce wa direbanmu ya matsa kusa ba, don matsawa kusa da motar da ke tangaɗi neman wani haɗarin ne. Na faɗi abin da nake iya gani: Kanta ce, kanta fari, bodinta kore, cike da buhuna, mutum sun kai goma sha biyar a sama, kuma an rubuta "Haƙuri maganin zaman duniya" da jan fenti a bayanta. Daga baya na lura irin wannan rubutu ya fi lamba saurin ganuwa daga nesa. Duka kiran bai kai minti uku ba, kuma rabinsa ni na ɓata da dogon labari.

Kafin mu shiga Ringim muka tarar an tsayar da ita a gefen hanya. Direban yana zaune a ƙasa ya jingina da taya, idanunsa jajir, yaro ne da bai fi shekara ashirin da biyar ba. Yaron motarsa yake gaya wa mutane tun daren jiya suke kan hanya, ba su runtsa ba. Fasinjojin suna saukowa ɗaya bayan ɗaya, wasu suna ƙorafin an ɓata musu lokaci ga magariba ta kawo jiki. Direbanmu bai tsaya ba, ni ma ban ce ya tsaya ba. Ba wanda ya neme ni shaida, ba wanda ya sake kirana.

Tun daga ranar nake auna abin da tambaya biyu. Shin abin yana faruwa ne yanzu-yanzu? Kuma in aka bar shi, za a iya rasa rai kafin a kai gari na gaba? In duka biyun eh ne, na kira, ba shawara da kowa. Motar da ke tangaɗi tsakanin hannu biyu, tirela da ke tafe da dare ba fitila, babbar motar da ta mace a kan kwana ba a ajiye ko ganye a bayanta ba, direban da ka gani da idonka ya sha ƙwaya ya hau sitiyari da fasinja, wanda ya buge mutum ya gudu, duk wannan na kira ne. Tankar mai da ta faɗi ko take yoyo kuwa, ba sai an tsaya aunawa ba. Mu mutanen wannan yanki ba ma buƙatar a tuna mana abin da ya faru a Majiya, cikin ƙaramar hukumar Taura, a watan Oktoban 2024, lokacin da tanka ta kife da dare, jama'a suka taru ɗibar mai, wuta ta tashi ta ci mutum sama da 150. A kan wannan hanyar tamu ce. In ka ga irin haka, ka yi nisa tukuna, ka kira, sannan ka yi ta kururuwar korar mutane.

Amma akwai wanda ba na 112 ba ne, kuma wannan ma sai da na koya. Watanni bayan haka wani direba ya matse ni a kan babur har na sauka gefe, ya leƙo ya zage ni ya wuce. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ciro waya, sai na tsaya na tambayi kaina: wa ke cikin haɗari yanzu? Ba kowa. Fushina ne kawai, kuma layin da zan toshe da shi wataƙila wani ne ke nema a daidai lokacin, ɗan'uwansa na kwance cikin jini. Abin da ya riga ya wuce, wurinsa caji ofis da rana, ko ofishin Rod Sefti, ko in motar haya ce, shugabannin tashar da take lodi. Washegari na je tasha na faɗa wa 'yan ƙungiya, kuma sun san direban tun kafin in gama kwatanta motar. Haka samarin da ke wasan babur ranar kai amarya: 'ya'yanmu ne, an san gidan kowa, magana da mai unguwa da iyayensu ta fi saurin aiki. Sai fa in sun kawo wasan bakin makaranta lokacin tashi kuma an yi magana sun ƙi ji, to nan lissafi ya canza.

Abu ɗaya da nake roƙon direbobi: in kai ke riƙe da sitiyari, kar ka kira da kanka, doka ma ta hana. Ba fasinja waya, ko ka faka. Kuma wayar da aka ɗaga don ɗaukar bidiyon da za a sa a Facebook, ita ce dai za ta iya danna lamba uku.

Yanzu duk garin da muka wuce sai na karanta allonsa a zuci, ko da hira muke yi a mota. 'Yan aji shida kuma na sa sun rubuta 112 da 122 a bangon littattafansu, muka yi gwaji a aji, ɗaya ya zama mai kira, ɗaya mai amsawa. Wata yarinya da aka tambaya "a ina kike?" ta ce, "Kusa da gidanmu." Sai muka sake daga farko, har ta iya faɗar sunan ƙauyen, da hanyar da ya ke kai, da garin da motar ta dosa.