Tarihin Rayuwata, Kashi na 6: Gonar da Aka Ce Caca Ta Ci

Makon jiya na tsaya a kan shigata elementare a Bukuru, kuma da zan bi layi, yau labarin bulalar malaminmu za ku ji. Sai dai tun da wancan kashi ya fita wani ɗan'uwa daga reshen Baffa Babba, wan kakana, ya kira ni, wai in yi hattara kada in tono abin da ƙasa ta rufe, ai kowa ya san caca ce ta cinye wa Tsoho, wato kakan nawa, gonarsa. To, tunda ya taɓo, makaranta ta jira.

Iya, kakata matar Tsoho, Allah Ya jiƙanta, tana da magana ɗaya da ba ta gajiya da ita: "Sun ce mana 'yan bariki, amma da sulen bariki aka biya harajin gidan." Tana tankaɗe ta faɗa, tana tsefe wa Goggo, yayar Baba, kai ta faɗa, ko baƙo ne ya zo daga gida sai ta san yadda ta jefa ta cikin gaisuwa. Muna yara mun ɗauka mita ce irin ta tsofaffi.

Tsoho bai bar ƙauyenmu na ƙasar Soba don yana sha'awar bariki ba. Haraji ne ya kore shi. Bature ba ya karɓar dami, ba ya karɓar wuri, sai sule, kuma gida mai maza da yawa audugar shekara ba ta isarsa. Aka zauna aka ce ƙarami ya tafi kuza cin rani. Ƙaramin jirgin nan na Zariya zuwa Jos, wanda ya kai Bukuru a 1914, ta kusa da mu yake wucewa, amma shi da ƙafa ya tafi, yana bin gefen layin dogo, don kuɗin tikiti ma na haraji ne. Aikinsa kwano. Wani ya sara da diga, wani ya loda da shebur, kai kuma ka ɗora a ka, ka hau tudu zuwa inda ake wankewa, ka juye ka komo, tun safe har la'asar, heluma, wato shugaban leburori, yana tsaye yana ƙirga. Ran Asabar akawu ya kira suna a biya. Har ya rasu tsakiyar kansa ba gashi, kuma ba sanƙon gado ba ne, babu mai shi a danginmu.

Rani ɗaya ya zama biyu, har ya ɗauko Iya suka tare a ɗakin ciyawa a bariki, tsakanin Bukuru da Barikin Ladi. Gonarsa ta gado, mai tsamiya a bakin rafi, ya bar wa wansa amana, ya noma ya ci har ya dawo. A 1927 da hatsi ya yi tsada a Arewa, Tsoho ne ya riƙa aika kuɗi gida ta hannun fatake. Wannan ba a musa ba ko a reshen Baffa Babba, sai dai ba a son a tuna.

Ban ce bariki masallaci ba ce. Daren Asabar, da an biya, ganga ake yi har asuba, ga karta, ga burkutu, ga matan da ba na kowa ba. Akwai wanda ke shiga Lahadi ba shi da ko anini. Saboda haka ƙaryar ta samu wurin zama: ka ce ɗan bariki ya yi caca, wa zai tambaye ka shaida?

Abin da ya faru kuwa ba a kan tabarmar karta ya faru ba. A kasuwar Landan ake yanka wa kuza farashi. A 1926 tan ɗaya ya kai wajen fam 300. Da kasuwar hannun jari ta Amurka ta rushe a 1929, masana'antu suka rage aiki, masu yin gwangwani da motoci suka daina saye, kafin ƙarshen 1931 tan ya gangaro kusa da fam 100. A wannan shekarar aka ƙulla yarjejeniya tsakanin Malaya, Bolibiya, tsibiran Indonesiya da ke hannun Holan a lokacin, da Nijeriya, cewa kowa ya rage haƙa don farashi ya tashi. Su masu hannun jari sun tsira da wannan dabara. A kan dutsen Jos kuwa ma'anarta ita ce a rufe ramuka. Kafin 1933 fiye da rabin leburorin kuza an sallame su, waɗanda suka rage aka zaftare musu lada. Tsoho bai taɓa jin sunan Bolibiya ba har ya koma ga Allah. Abin da ya sani, wata Asabar heluma ya ce kowa ya ajiye kwanonsa a sito.

Ina rubuta wannan sai Baba ya faɗo mini a rai, a watan Oktoba na 1985, yana zaune a benci ƙofar gida da rediyo a kunne, aka ce an dakatar da cinikin kuza a Landan. Lokacin ya riga ya daɗe a gida, kamfaninsu ya sallame su da alkawarin haƙƙin da har ya rasu bai gani ba. Shi da ya yi zamani yana tuƙa injin haƙa, yana taƙama da cewa tun 1962 a Makeri ake narka kuzarmu ba sai an kai ta Ingila ba. Ya kashe rediyon ya ce, "Iya ta faɗa." Bai ƙara komai ba. Shi ma da ya je ƙauyenmu ta'aziyya a shekarar, sai da wani ya tambaye shi ina kuɗin bariki.

In koma. Baba a 1931 ɗin aka haife shi, ana tsakiyar sallama. Ba ragon suna. Tsoho ya aika wa wansa cewa ya ranta masa fam ɗaya, Baffa Babba ya aiko. Wannan fam ɗin shi ne duk maganar. Ba takarda, ba shaida, don tsakanin wa da ƙane wa ke kiran shaida?

Ga fara kuma. Shekarun nan ta yi ta sauka a jere, ta cinye accar mutanen dutse, hatsin da ake kawowa daga Zariya da Bauchi ya gagari talaka. Da abin ya ƙi, Tsoho ya ɗaure tabarma, Iya ta goya Baba ta riƙe hannun Goggo, suka kamo hanyar gida kafin damina, da niyyar ya koma noma. Suka tarar an yi wa gonar shinge an haɗe ta da ta Baffa Babba. Ya ce, a gaban mai unguwa, fam ɗin da ya aika kuɗin gona ne, ciniki ya faɗa. Tsoho ya ce, "Yaya, ka ji tsoron Allah, rance na ce." Ya amsa masa da cewa ɗan bariki ba a riƙe maganarsa. A nan ne Iya, wadda a al'ada ko ɗaga ido ba ta yi a gaban wan miji, ta yi magana daga bayan zana, ta faɗi abin da ta faɗa game da sule da haraji. Ranar aka haifi maganar.

Zan yi masa adalci guda: shi ma a matse yake. Auduga ta faɗi kamar yadda kuza ta faɗi, dogarai kuma ba su daina zuwa ba. Da cewa ya yi "ƙanena, ba ni da yadda zan yi," da tuni an manta. Ƙagen cacar ne ba mu yafe ba, don shi ya bi mu har jikoki. An ba Tsoho shawara ya kai ƙara gaban alƙali, ya ce ba zai tsaya da wanda suka sha nono ɗaya ba. Ni dai a ganina kunya ta yi masa yawa, kuma mu muka biya.

Suka komo dutse. Iya ce ta riƙe gidan. Tana shiga rafi da ƙwarya cikin sanyin hunturu, ta wanke tsohuwar ƙasar da kamfani ya zubar, ta tara 'yar baƙar kuzar a gwangwani, a auna a sikeli a ba ta kwabbai. Wata maƙwabciya Birom, wadda ita ma kamfani ya haƙe gonar mijinta, ita ta koya mata gwaten acca da ganye, ta kuma ranta mata mudu ba sau ɗaya ba. Duk lokacin da Jos ta rikice a zamaninmu, matar nan nake tunawa. Har yanzu a gidana ana dama gwate, matata Bakatsiniya ta koya dole.

Shekarun da suka biyo baya ba abin faɗi, an rayu. Sai 1942, da Japan ta ƙwace Malaya, Bature ya rasa kuza, aka shiga ɗiban gwamna, ana kamo mutane daga ƙauyuka a kawo su ramuka da ƙarfi. Cikin waɗanda aka ɗebo daga ƙasarmu har da babban ɗan Baffa Babba. Ya iso ba bargo, tari ya kama shi, mutane na mutuwa a sansaninsu saboda sanyi da ƙarancin abinci. Tsoho ya nemo shi ya kawo shi ɗaki. Iya ta yi jinyarsa har ya miƙe, kuma ta ce kullum in ta miƙa masa kunu sai ta ce, "Sha, ɗana, da sulen bariki aka dama."

Wannan yaron shi ne kakan wanda ya kira ni a waya. In yana so ya tambayi goggonsa da ke Dutsen Wai, tana da rai kuma ta san zancen. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, sai makaranta.