Sarauniyar Lugu, ƴan Sawaba da Agabba: littattafan da na karanta kwanan nan

Sarraounia na Abdoulaye Mamani yana cikin littattafan Nijar da aka fi ambato, amma masu ambatonsa sun fi masu karanta shi yawa nesa ba kusa ba. Galibi fim ɗin Med Hondo na 1986 aka gani, wanda ya ci babbar kyautar bikin fina-finan Afirka na FESPACO a Wagadugu a 1987, ko kuma ɗan guntun da malami ya kawo a lakwal. Littafin ya cancanci a karanta shi daga bango zuwa bango, sai dai ban ba kowa shawarar ya karanta shi shi kaɗai ba. A ajiye littafin tarihi a gefensa. Duk littattafan da zan kawo a nan haka na jera su, ƙagaggen labari da binciken masana suna gyara wa juna zama.

Ga abin da ya tabbata tukuna. A farkon 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin kyaftin biyu, Voulet da Chanoine, ta taso daga bakin kogin Kwara ta nufi tafkin Chadi, tana ƙona garuruwa tana kwashe hatsi da dabbobi da mutane. Ranar 16 ga Afrilu ta faɗa wa Lugu a ƙasar Arewa, yankin Dogon Dutsi, inda Sarauniya Mangu take. A watan Mayu ta yi wa Birnin Ƙonni kisan da har yau ba a manta ba. Labarin ta'asar ya kai Faransa, aka turo Kanar Klobb ya karɓe rundunar, Voulet ya sa aka harbe shi ranar 14 ga Yuli a Dankori, kusa da Tasawa. Cikin kwana uku sojojinsu na Afirka suka kashe Chanoine, sannan Voulet. Ragowar rundunar ta wuce ta ci Damagaram a ƙarshen watan.

Mamani ya ɗauki rana guda daga cikin wannan tafiya, ranar Lugu, ya gina littafi a kanta, aka buga shi a 1980 da Faransanci. Inda ya fi burge ni ba fagen yaƙin ba ne. Babobin fada ne, inda sarakunan da ke kewaye suke zaune da fadawansu suna auna abin yi: a taimaki matar da ba ta salla, ko a bar Nasara ya gama da ita a huta? Kowa da hujjarsa, kuma hujjar ba ta wauta ba ce, tsohuwar gaba ce da tsoro da lissafin riba. Babobin gajeru ne, kowanne ya koma wani sansani, don haka mai karatu yana ganin rundunar tana matsowa ta idanu dabam-dabam. Faransancinsa ba mai wuya ba ne, ɗan aji uku na kwaleji zai iya, kuma ƙarƙashin jimlolin ana jin kirari da zambo irin na maroƙan Hausa. Rauninsa shi ne ita Sarauniyar kanta. Ya ɗaga ta sama har ba ta da shakka, ba ta da kuskure, tana magana kamar mai jawabi a dandalin siyasa.

A nan ne masu karatu suke tuntuɓe. Sukan ɗauki renon da Dawa ya yi mata da koya mata harbi da sauran bayanan ƙuruciyarta kamar abin da aka samu a kundin tarihi, alhali aikin marubuci ne. Rahotannin sojan Faransa sun ambace ta a taƙaice ƙwarai, a matsayin matsafiya. A Lugu kuma sarautar Sarauniya ta gargajiyar Azna ce, masu bin addinin kaka da kakanni, ta tsafi da roƙon ruwa da shari'a, ta girmi Mangu, ta kuma ci gaba bayanta. Jarumar da ke riƙe da baka a zukatan yaranmu, Mamani ne ya ƙera ta. Wannan bai rage wa littafin daraja ba, amma ɗalibin da zai rubuta kundin digiri kada ya kafa hujjar tarihi da shi.

Dalilin da ya sa ya ƙera ta haka yana cikin littafi na biyu. Mamani ɗan Sawaba ne, ya yi shekaru yana gudun hijira, har Aljeriya, ya dawo gida ya sha ɗauri, ya rasu a haɗarin mota a 1993. Mutumin da aka murƙushe jam'iyyarsa saboda ta ce wa Faransa a'a, ba abin mamaki ba ne ya nemo macen da ta riga su faɗin haka. Tarihin wannan jam'iyya shi ne aikin Klaas van Walraven, masani ɗan ƙasar Holan. Ya fito da Ingilishi a 2013, fassarar Faransanci mai suna Le désir de calme ta biyo a 2017. Tubali ne, na Ingilishin ya doshi shafi dubu, kuma wanda ya ce zai bi shi a jere daga shafin farko cikin mako guda zai ajiye shi tun bai kai ƙuri'ar raba gardama ba.

Ga yadda ya fi sauƙi. A fara da babobin 1957 da 1958: Djibo Bakary, jagoran Sawaba, yana shugabancin gwamnatin cikin gida, De Gaulle na Faransa ya kawo ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, a zauna tare da Faransa ko a karɓi mulkin kai nan take, Sawaba ta ce a jefa a'a, Faransa ta turo gwamna Colombani da sojoji, aka juya sarakunan gargajiya, i ta yi rinjaye, gwamnatin ta faɗi, aka haramta jam'iyyar a 1959. Daga nan a tsallaka zuwa 1964, lokacin da samarin da aka horar a Sin da Biyetnam ta Arewa da Aljeriya da Gana suka shigo ta kan iyakoki ƙungiya-ƙungiya, suna zaton talakawa za su tashi tare da su. Gwamnati ta riga ta san da zuwansu, aka sa mutanen ƙauye farautarsu, aka harbe wasu a bainar jama'a. Sai gurnetin da aka jefa wa shugaban ƙasa Diori Hamani a filin idin babbar salla a Afrilun 1965, wanda bai same shi ba. In an riƙe wannan ƙashin bayan, sai a koma baya a cike sauran a hankali, shafi goma sha biyar ko ashirin a zama.

Abin da ya sa littafin ya fi sauran abin da aka rubuta kan zamanin shi ne mutanen da ya saurara. Marubucin ya yi shekaru yana zuwa Nijar yana hira da tsofaffin ƴan jam'iyyar raƙumi, wato Sawaba, kuma ya nuna ƙarfinta ba a hannun manyan ƴan boko yake ba. Direbobi ne da ƴan kamasho, teloli, masu gyaran keke, ƴan tebur, ƙananan ma'aikatan gidan waya, mutanen da suka baro ƙauye ba su gama zama ƴan birni ba. Ta motocin haya saƙo yake tafiya. Wanda ya san tashar Tawa da yadda labari ke isa Ƙonni kafin mota ta isa, zai gane wannan nan take. Aibinsa biyu ne a ganina. Sunaye sun yi yawa har kai ya ɗaure, dole a ajiye takarda ana rubuta wane ne wane. Sannan zuciyar marubucin tana wajen waɗanda aka kayar, ba ya ɓoyewa, don haka muryar mutanen RDA, jam'iyyar Diori mai alamar giwa, ba ta fito sosai ba. Wanda kakansa yake ɓangaren giwa zai ji an tauye shi a wasu wurare.

Mu mutanen Adar kuwa, littafin da ya wajaba a kanmu shi ne na Farfesa Djibo Hamani, wanda jami'ar Tawa take ɗauke da sunansa yanzu. L'Adar précolonial ya fara fitowa a 1975 cikin jerin Études nigériennes na cibiyar bincike ta IRSH a Yamai, aka sake buga shi a Faransa a 2006. Ya faro daga ƙasar kanta, duwatsu da fadamu da kwarin Majiya, don sai an san inda ruwa yake kwanciya ake gane dalilin da gari ya zauna inda ya zauna. Ya bi Azna da tsarinsu, ya bi zamanin da Kabi take da iko a nan, har zuwan Agabba ɗan Sarkin Agadas wajen 1674, wanda zuriyarsa ke riƙe da sarautar Adar a Illela. Daga nan sai ƙarni na 19, jihadin Sakkwato da tashin Muhammadu Jelani da rigingimun Abzinawa, Kel Geres da Iwillimmidan, waɗanda suka mai da manomin Adar abin tatsa ta kowane gefe.

Rubutun masana ne, a bushe yake, ba kirari ba ado. Daɗinsa yana ga wanda ya san wuraren. In ka ga sunan ƙauyen da kake wucewa a hanyar Keita ko Buza, ka ga an kawo abin da tsofaffinsa suka faɗa an gwada shi da rubutun Larabci na Agadas da na Sakkwato, sai marubucin ya ce wannan ya yi daidai, wancan kuwa an ƙara masa gishiri don a ɗaukaka wani gida, to nan ne za ka ga aikin. Wannan hanyar tasa ita ce abin koyo ga duk mai son rubuta tarihin garinsu: ba a karɓar ruwaya ɗaya, kuma ana tambayar wa zai ci riba in an yarda da ita. A karanta shi da taswira a buɗe. A kuma tuna sunayen garuruwa da rubutun Faransanci suke, wanda ya nemi Buza ko Ƙonni a jerin sunayen ƙarshen littafi da rubutun Hausa ba zai same su ba.

Bayan waɗannan masu nauyi, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa hutu ne ga ido, ba ga zuciya ba. Yana cikin littattafan gasar da aka shirya a Zariya a 1933, tare da Ruwan Bagaja da Ganɗoki, kuma ana gama shi a zama ɗaya ko biyu. Malami ne yake ba almajiransa labarin rayuwarsa: an sace shi yana yaro, ya faɗa hannun wani Balarabe a Kano, aka ƙetare Sahara da shi, ya girma ya yi ilimi a can. Amma littafin na uwarsa ne. Ta fita nemansa, ita ma aka bautar da ita, aka kai ta har Tarabulus, ba su sadu ba sai da ƙarfinta ya ƙare. Tafawa Ɓalewa ba ya ɗaga murya ko kaɗan. Yana faɗin cinikin mutum kamar yadda ake faɗin cinikin goro, kuma wannan sanyin ne yake sa tsikar jiki tashi. Wasu suna ganin ya yi wa bauta sassauci tun da Umar ya dace da ubangida nagari, ni kuwa ina ganin abin da ya sami uwar ya isa amsa. Ya dace a karanta shi dab da littafin Hamani, domin ayarin da masanin yake lissafa wa hanyoyi da kaya, a nan ana ganin wanda aka ɗaure a cikinsa.

Na Balaraba Ramat Yakubu, Alhaki Kuykuyo Ne, na 1990, ba ya bukatar dogon bayani. Alhaji Abdu ɗan kasuwa ya kori Rabi da ƴaƴanta tara saboda amarya, Rabi ta kama sayar da abinci ta riƙe gidan. Ƙarfinsa yana cikin lissafin kuɗin cefane da na makaranta da maganganun mata a tsakar gida, waɗanda ba namijin marubucin da ya taɓa kamo su haka. Ƙarshensa yana ba mata da yawa haushi, kuma ina jin da gangan ta yi. Hausar Kano ce, mutumin Adar zai ci karo da ƴan kalmomin da ba nasa ba, ba su hana fahimta.

Saura maganar samu, wadda ita ce babbar wahala a Tawa. Na Hausa biyun ana samunsu wajen masu sayar da littattafan addini da na makaranta a kasuwa, ko a yi sautu ga mai zuwa Sakkwato ko Kano ta Ƙonni. Bugun da ake yi yanzu takardarsa sirara ce, a duba tsakiya kafin a biya, domin wani lokaci ana tsallake damin shafi goma sha shida ɗungurungum ko a maimaita shi, tunda dami-dami ake naɗe takardar kafin a ɗinke. Na Faransanci kuwa sai Yamai ko ɗakin karatun jami'a, kuma mafi yawan abin da ke yawo a hannun ɗalibai fotokofi ne na fotokofi. A irin wannan abu uku ke lalacewa. Bayanan ƙasan shafi sukan yanke saboda an danna littafin a karkace, alhali a aikin Hamani da na van Walraven nan ne aka faɗi wanda ya ba da labari da inda aka ji shi. Taswira takan koma baƙi ƙirin. Jerin sunayen ƙarshe kuma masu injin sukan bar shi don rage kuɗi, shi ne kuwa mabuɗin littafi mai shafi ɗaruruwa. A ƙirga lambobin shafi a gaban mai injin, a ce ya rage girman hoton kaɗan don gefe ya shigo, taswira kuma a ɗauke ta da waya daga asalin littafin.

Wanda ake turawa ta WhatsApp sau da yawa hoton shafuka ne kawai, ba a iya neman kalma a ciki, kuma karanta van Walraven a fuskar waya azabtar da ido ne. In an buga a takarda, a yi shi kashi uku ko huɗu, kowanne da ɗaurinsa, don zoben roba ba ya riƙe shafi fiye da kima, yana ɓallewa. A ajiye su a akwatin ƙarfe da aka ɗora kan bulo, nesa da bangon ƙasa, saboda gara, a riƙa fito da su ana kaɗe ƙura in damina ta wuce.