Yadda muka yi hasashen halin oganeson a aji, da inda lissafin ya kuskure

Aikin da na ba ƴan ajin terminal a nan Maradi shi ne su yi abin da Mandelib, masanin kimiyya ɗan Rasha, ya yi bayan ya tsara jadawalin sinadarai a 1869: a dubi na sama a layi, a faɗi halin na ƙasa. Muka ɗauki layi na 18. Na rubuta a allo zafin da kowanne ke tafasa, duka ƙasa da sifiri: argon 186, kiripton 153, zenon 108, radon 62. Kowa ya zana su a kayensa ya ja layin gaba. Tazarar tana tafiya 33, 45, 46, don haka oganeson, mai lamba 118, ya faɗo wajen digiri 15 ƙasa da sifiri. Iska ke nan, mara haɗuwa da kowa.

To, lissafin masana na 2020 ya ce daskararre ne, sai wajen digiri 52 yake narkewa. Ko ranar watan Afrilu ta Maradi ba ta narkar da shi.

Daga ina kuskuren ya shigo? Na sa su raba lambar sinadari da 137, abin da ke ba da kimanin gudun elektron mafi kusa da cibiyar ƙwayar zarra idan an gwada da gudun haske. Zinariya, 79, ta ba da kashi 58 cikin 100. Oganeson ya ba da 86. A wannan gudu nauyin elektron yana kusan ninkawa, zagayen ciki ya tsuke, na waje ya saki, sai halin sinadarin ya bar na ƴan layinsu. Dalilin ke nan da zaiba take ruwa, zinariya kuma take rawaya. A ganina da zaiba ya kamata a fara darasin, don sun san ta a ma'aunin zafin jiki. Ni na bar ta sai ƙarshe, na sha tambayoyi.

Abu ɗaya na nanata musu: 52 ɗin nan hasashe ne. A Dubna ta Rasha aka fara samar da oganeson a 2002, da harba kalsiyam-48 kan kaliforniyam-249, ƙwayoyi ƴan ƙalilan, kowace a wajen kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa take rushewa. Kofanisiyam, 112, ya fi jimawa, har an bi da shi kan faifan zinariya an ga yana saurin tashi kamar zaiba da ke samansa a jadawali. Shi ne na tanadar wa aji na gaba.